Baƙin allo da rajistar ƙorafi: yadda muke riƙe amanar kwastoma a shagonmu na Garwa

Aikinmu sola ne, muna ɗora faranti a kan rufi mu haɗa batir da inbata, muna kuma gyara in abu ya lalace. Shagon yana nan Garwa wajen Yelwa, mu biyar ne harda ni, amma aiki yana kaimu Pitowa, Lagdo, Gidar, Figil, wani lokacin har Marwa. Wanda ya san garin nan a watan Maris da Afrilu ya san me nake nufi in nace lokacin ne waya bata hutawa, zafi ya haura digiri 40, wuta tana zuwa tana tafiya, mai sayar da ruwan sanyi firjinsa ya tsaya, mai shagon magani yana tsoron allurai su lalace, kowa kira yake kuma kowa gani yake nasa ne yafi gaggawa.

Haɗa sola ba shine wahalar sana'ar nan ba. Wahalar tana bayan an haɗa, wata shida ko shekara in mutum ya kira yace inbata tana ƙara, ko batir baya kai asuba. Da a littafi muke rubutawa, daga baya muka koma WhatsApp, sai saƙo ya nutse cikin gaishe-gaishe da hotuna, wani ya canza waya komai ya tafi. Akwai wata Hajiya mai niƙa da saida ƙanƙara data kira sau uku, duk wanda ya ɗauka sai yace toh Hajiya in sha Allah gobe, kuma kowa yana zaton ɗan uwansa ya tafi. Kwana tara ba wanda yaje. Ranar data zo shagon da kanta bata ɗaga murya ba, cewa kawai tayi ɗana ni dai na yarda da kai ne shiyasa ban kira wani ba. Maganar nan ta zauna min a rai sosai, a satin na fara neman hanyar da ƙorafi bazai sake ɓacewa ba.

Abinda na samu sunansa Roundup. Manhaja ce ta kyauta da aka rubuta da Python, wani yaren rubuta manhaja, asalinta dan masu rubuta manhaja akayi ta su riƙa bin kurakuran aikinsu, tsarinta ya fito daga wani zane da Ka-Ping Yee ya gabatar a wata gasa a 2000, sai Richard Jones ya gina ta ya fitar a 2001. Su kansu masu yaren Python da ita suka riƙa karɓar rahoton kurakurai daga 2007 har 2022 da suka koma GitHub. Da naga haka nace abinda ya ɗauki nauyin mutanen nan shekara goma sha biyar ai bazai gaza da ɗan shagona ba. Kuma ba ruwanta da cewa kuskuren manhaja ne ko batir ne ya kumbura, ita dai matsala ce an buɗe mata lamba, an ɗora wa wani, ana binta har a rufe.

Na kama hayar ƙaramar sarba, wato kwamfutar da take zaune a intanet kullum a kunne, da nake biya wata wata, tsarin Linux na Debian ne a kai, na zaɓi SQLite ya zama rumbun bayanan dan mu biyar bama buƙatar PostgreSQL ko MySQL duk da tana aiki dasu. Yaran shago ta burauza suke shiga, su ga jerin aikinsu su rubuta abinda sukayi. Ni kuma yawancin aikina a baƙin allo ne, wato in shiga sarbar da SSH in buga umarni da hannu, kuma kayan aikin da ake wannan dashi sunansa roundup-admin.

Mutane suna tambayata me yasa zan wahalar da kaina da rubutu alhali ga maɓalli. Amsar farko rezo ce, wato netwok. Kana ƙauye bayan Lagdo sanda ɗaya ce a wayarka, shafi zai ta juyawa bai buɗe ba, amma rubutu zalla yana wucewa, da Termux, manhajar baƙin allo a wayata, nake shiga in duba abinda nake so in fita, data kaɗan ta ishe ni. Ta biyu kuma akwai ayyukan da ta burauza sai ka danna sau hamsin, a layin umarni layi ɗaya ne.

Yadda abin yake, komai a cikin rumbun yana da suna da lamba a manne, issue41 matsala ta 41 kenan, user3 ma'aikaci na 3, msg kuma saƙonni. Kana nuna masa inda rajistar take da -i, sai ka faɗi abinda kake so. Da asuba bayan sallah kafin yara suzo abinda nake fara bugawa kenan:

roundup-admin -i /srv/rajista table issue id,title,status,assignedto

sai ya jero min komai a tebur. In kuma waɗanda ba wanda ya taɓa kawai nake so, find issue status=unread, shikenan lambobinsu sun fito, waɗannan sune irin na Hajiya, kuma dokar shagon yanzu itace kada rana ta faɗi da ɗaya a cikinsu. display issue41 yana buɗe maka matsala ɗaya gaba ɗayanta, set kuma dashi ake canzawa, misali set issue41 assignedto=3 priority=urgent na ɗora wa yaro na 3 kuma na ɗaga ta zuwa gaggawa.

Tsarin da take zuwa dashi yana da matakai takwas, daga unread har resolved, da darajoji biyar daga critical zuwa wish. Ban canza su ba, yara sun haddace. Abinda na ƙara a fayil ɗin schema.py ne, inda ake faɗin irin bayanan da kowace matsala zata ɗauka, nasa gari, nasa lambar jikin inbata, nasa ranar da garanti zai ƙare. Garin nan ya taimaka min fiye da yadda nayi zato, in zamu tura moto Gidar sai in nemo duk matsalolin Gidar da Figil a buga ɗaya, yaro yayi tafiya ɗaya ya gama su, kuɗin mai ya ragu kuma ba wanda za'a ce ya jira sati mai zuwa.

Wani ɗan abu da nake so a cikinta, in ka rufe matsala sai wani ya ƙara saƙo a kanta, da kanta take buɗewa ta koma chatting, wato ana kan magana. Ba yadda za'ayi yaro ya rufe aiki dan jerinsa yayi kyau, kwastoma ya sake kira an rubuta, ta dawo idona.

Amma baƙin allo baya tambayarka ko ka tabbata, kuma nan ne na ƙone hannu sau ɗaya. Umarnin set yana karɓar lamba ɗaya, yana karɓar lambobi da yawa da waƙafi a tsakani, yana kuma karɓar sunan rukunin gaba ɗaya. Wata ranar Alhamis da yamma ina sauri zan rufe aiki ɗaya sai na buga set issue status=resolved, lambar ce ban sa ba. Bai ce min komai ba, ya dawo da layi kamar kullum. Da na jero sai naga duk wata matsala dake rajistar ta koma an gama, harda wadda aka buɗe da safen nan. Jikina yayi sanyi wallahi, dan a cikinsu akwai wani ɗakin shan magani da firjinsu yake jiranmu.

Abinda ban riƙe da kyau ba a lokacin shine hanya biyu ake amfani da roundup-admin. In ka rubuta umarnin gaba ɗaya a layi ɗaya, yana gamawa yake adanawa, babu komawa. In kuma ka shiga cikinsa tukuna, ka buga roundup-admin -i da inda rajistar take ba tare da umarni ba, zai baka nasa wurin rubutu, duk abinda ka canza yana rataye har sai kace commit, in kaga kayi kuskure kace rollback komai ya koma yadda yake, ko fita kazo yi zai tambaye ka ko a adana. Da ta nan na bi ranar, kalma ɗaya ce zata gyara min.

Abinda ya cece ni ajiyar daren jiya ce. Kowane dare cron, mai tada aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, yana kwafe babban fayil ɗin rajistar gaba ɗaya, sannan kwamfutar shago ta jawo kwafin da rsync dan kada duka su zauna wuri ɗaya. Na tsayar da sarbar na maida kwafin, sai muka rasa abinda aka shigar tun safe kawai, na zauna da yara muka bi kiran ranar a wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya muka sake shigarwa har bayan isha'i. Tun daga nan dubawa kawai nake a layi ɗaya, duk abinda zai canza wani abu sai na shiga ciki, in canza, in sake jerowa in gani da idona, sannan commit. Kuma ƙarshen kowane wata ina yin export, wanda yake fitar da komai a fayilolin rubutu da za'a iya shigarwa da import ko da mun canza rumbu zuwa PostgreSQL nan gaba, sannan ina gwada maido da ajiyar a kwamfutar shago, dan ajiyar da baka taɓa gwadawa ba baka san ko tana aiki ba.

Umarnin da nafi daraja shi duk cikinsu history ne. Roundup tana rubuta duk canjin da akayi, waye yayi, yaushe, me aka canza. Wani Alhaji mai shagon kayan masarufi yazo yana cewa batiransa sun mutu cikin garanti kuma tun watannin baya ya sanar damu ba'a zo ba. Ni ban tuna ba, yaron da yake zuwa wajensa ma bai tuna ba, kuma maganar kuɗi mai nauyi ce. Nace Alhaji zauna asha ruwa mu duba tare. Na buga history na matsalarsa na juyo masa allon ina karanta masa, sai gashi da gaskiyarsa, ya kira kafin garanti ya ƙare, mu ne muka saka ta deferred, wato an jinkirta, muka manta. Nace Alhaji laifinmu ne, na canza masa batiran ban karɓi ko dala ba. Ya ci min riba ta wata guda amma har yau shi yake turo mana 'yan uwansa. An kuma samu akasin haka, wani yace bamu taɓa gaya masa kada ya haɗa injin walda da inbata ba, saƙon yaron yana nan da rana da lokaci, na karanta masa cikin mutunci aka rabu lafiya.

Saboda haka ne bana taɓa pack. Umarni ne da yake share tsohon tarihin canje-canje dan rumbu ya rage nauyi, manyan wurare masu dubban matsaloli wataƙila suna buƙatarsa, mu kam rumbunmu bai kai nauyin bidiyon biki ɗaya ba, kuma tsohon tarihin nan shine shaidarmu da shaidar kwastoma a kanmu.

Haka ma in yaro ya bar aiki. Roundup bata gogewa, ritaya take yi, retire user4 sai ya daina iya shiga kuma ya fita daga jeri, amma sunansa yana nan a kan duk aikin da yayi, in ya dawo restore user4 ya koma kamar bai tafi ba. Ɗaya daga cikin yaranmu ya tafi karatu Ngaundare, duk hutu yana dawowa ya kama aiki, haka nake masa. Kafin in yi masa ritaya sai na nemo duk abinda ke wuyansa, in saka -d da -c sai lambobin su fito da cikakken suna da waƙafi a tsakani, daidai yadda set yake so, in maida su kan wani a buga ɗaya. Wanda ya manta kalmar sirri kuma set user5 password= da sabuwa, minti ɗaya. In bincike ya fara ɓatar da abu sai reindex, in na sabunta manhajar sai migrate, waɗannan ba kullum bane, na ƙarshe mai girma da nayi shine komawa Python 3, wanda Roundup ta fara ɗauka a fitowarta ta 2.0 a 2020.

Ba komai ne yake tafiya daidai ba. Kwastomominmu basa turo imel, duk da manhajar tana iya karɓar imel ta maida shi matsala da kanta, mu kira ne da saƙon murya, da Hausa da Fulatanci da Faransanci, dole wani ya saurara ya rubuta. In wanda ya ɗauki waya bai rubuta ba toh babu umarnin da zai nemo abinda ba'a shigar ba, kuma har yanzu a kan wannan nake yawan faɗa da yara. Sannan duk ilimin baƙin allon a kaina yake ni kaɗai, abin yana damuna, in na kwanta rashin lafiya ko nayi doguwar tafiya ba mai iya maido da ajiya.

Shiyasa na fara zaunar da babban yaron shagon duk Asabar bayan la'asar. Nayi masa kwafin rajistar a kwamfutar shago inda ko ya lalata ba komai, kuma abu na farko dana sa shi yayi shine kuskurena, ya shiga ciki ya buga set issue status=resolved, ya jero yaga komai ya rufe. Ya ɗago yace maigida duk sun tafi fa. Nace toh buga rollback ka sake dubawa. Ya buga, suka dawo. Asabar mai zuwa maido da ajiyar dare zamuyi, shi zai riƙe allon rubutu ni ina gefe, sai ya yi ta sau uku ba tare da na sa baki ba sannan zan bashi mabuɗin sarbar gaske.