Kwana Tara a Tokiyo da Zanen Hokusai

Shekaranjiya na dawo daga Japan, har yanzu barcina bai daidaita ba, don agogonsu ya riga namu da awa 8. Wurin aikinmu ne ya tura ni in ga yadda ake shirya baje kolin zanen ɗab'in katako, wanda suke kira ukiyo-e, a wani ƙaramin gidan tarihi a Tokiyo.

A filin jirgi wani jami'i ya tsare ni kusan awa guda yana juya fasfona, ko fuskata bai kalla ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma shi kaɗai ne ya yi mini haka a duk zamana.

Washegari akwatunan zanen suka iso. Har na naɗe hannun riga, sai dattijuwar da ke kula da kayan ta tsayar da ni, ta ce sai sun kwana a rufe sun saba da iskar ɗakin. Da aka buɗe, ta wanke hannu tas, ba safar hannu, ta ɗago zanen babbar igiyar ruwan teku na Hokusai, shahararren mai zanen Japan, na wajajen 1831. Wallahi na zaci zai cika bango, ashe faɗinsa bai kai santimita 40 ba! Na sunkuya na ga masunta manne a kwale-kwale uku, dutsen Fuji can ƙasa ɗan mitsitsi. Shuɗin ya tuna mini da marinar Ƙofar Mata, sai ta ce akasarinsa ba baba ba ne, launi ne da aka shigo da shi daga waje a lokacin.

Fitila kuwa sai da aka auna ta da na'ura, aka rage ta zuwa lux 50 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), don haske na cinye launi. Bayan 'yan makonni zanen zai koma duhu ya huta. Zuciyata ta tafi kan littattafan ajamin kakanninmu da ke cikin gafaka, gara da ƙura na cinsu.

Daren ƙarshe dattijuwar ta kai ni gidanta, ta dafa kifi da shinkafa don ta san ba na cin alade. Kayan marmarinsu akwai tsada, kankana ɗaya da kuɗinta za ka cika buhu a Yankaba.

Kafin nan na je birnin Kiyoto a jirgin ƙasa mai gudu, awa biyu da 'yan mintuna. A hanya gajimare ya rufe Fuji, ban gan shi ba.