Inda Na Ji Ana Ce Wa Paparoma "Baba"

Yau kwanana huɗu da dawowa daga Masar, amma har yanzu "Abuna, Abuna" nake ji a kunnena. Yayana na raka asibiti a Alƙahira. Da jikinsa ya yi sauƙi, na ce ba zan dawo ban ga Wadi Natrun ba, kwarin Kiristoci masu zaman zuhudu da ke kimanin kilomita 100 daga birnin, a hanyar Iskandariyya ta cikin hamada.

Direban tasi ya yanka min kuɗi kamar motar zan saya. Muka yi ta ja-in-ja har na raba kuɗin biyu. Ciniki a can sai mai haƙuri, da zarar an gane kai baƙo ne farashi ya ninka. A wani shinge kuma jami'in tsaro ya karɓi fasfona, ya jujjuya, ya wurgo min ta taga, ko gaisuwata bai amsa ba. Abin ya ƙona min rai, don a wajenmu ko faɗa za a yi sai an gaisa.

Shigata gidan zuhudun Anba Bishoy, wanda aka kafa tun ƙarni na 4, sai zuciyata ta sanyaya. Takalmi ake cirewa a ƙofar cocin, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi ke yi a masallaci. Ina tsaye sai ga wani dattijo cikin baƙar riga, da hula mai ɗinkin ƙananan gicciye, gemunsa fari fat. Wani yaro ya sheƙo, ya sumbaci hannunsa, ya ce "Abuna!"

Dattijon yana jin Turanci daidai gwargwado. Ya tambaye ni yadda muke kiran limamin coci. Na ce Fada, daga kalmar Turawa ta uba. Ya yi murmushi, ya ce ai Abuna ma "ubanmu" ke nan da Larabci. Anba kuwa, da suke sa wa bishop-bishop da waliyyai, daga Abba ya fito, kalmar Aramiya, harshen da Yesu ya yi magana da shi. Nan take na tuna Markus 14:36, inda ya yi addu'a a Gatsemani yana cewa "Abba, Uba". Na ce masa, "Abuna, mu ma Abba muke ce wa mahaifi, har yaron da ya ci sunan kakansa Abba ake kiransa." Ya riƙe hannuna, ya sa na sake faɗa masa.

Shi ya kai ni kabarin Shenuda na Uku, shugaban cocin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, wanda ya rasu a 2012. Mata da maza na ta dafa kabarin suna cewa "Baba Shenuda". Baba! Tsigar jikina ta tashi. Tun ina ƙarami nake jin "Paparoma" a rediyo, sunan ya yi min girma da nisa. Ashe Papa ne da Roma, shi kuma Papa daga "pappas" na Girkanci, kiran da yaro ke yi wa ubansa. A Iskandariyya ma aka fara kiran babban bishop da shi, wato Herakilas, a ƙarni na 3. Sai a ƙarni na 11 ƙasashen Yamma suka keɓe sunan ga bishop na Roma shi kaɗai. Kibɗawa ba su saki nasu ba, Tawadros na Biyu da ke kai yanzu shi ne na 118 a lissafinsu.

Bai bar ni na tafi ba sai da na ci gurasa da wake da zaitun, na sha shayi. Na ciro kuɗi, ya maida min hannuna aljihu, ya sa min albarka.

Washegari na leƙa Cocin Mu'allaƙa a tsohuwar Alƙahira, jama'a sun yi yawa, ban daɗe ba. Iskandariyya kuwa lokaci bai bari ba. Aka sallami Yaya ranar Alhamis, muka kamo hanya, da kwalbar man zaitun a jakata, tsarabar Fadanmu.