Ranar da muka sauke taswira daga bango

Talata da dare. Yau ban bi tsarin darasina ba, kuma ko kaɗan ban yi da-na-sani ba. Abin da manhaja ta ɗora wa 'yan aji biyar a wannan mako a labarin ƙasa shi ne manyan kogunan Afirka: sunan kogi, tsawonsa, da inda yake zuba ruwansa. Tun kafin yara su shigo na jera Nilu da Kwango da Neja da Zambezi a allo. Na ɗauki sanda na nufi taswirar da ke rataye a bango, na ɗora bakinta a Tafkin Biktoriya, na bi shuɗin layin ta Sudan, na ratsa Masar, har Bahar Rum. Na ce kilomita kusan 6,650 ke nan, kowa ya rubuta.

Duk suka duƙufa, ban da wata yarinya da ke zama gefen taga, wadda tun farkon zango ban ji muryarta sau uku ba. Ta ɗaga hannu a ɗarare ta ce, "Malama, to yaya aka yi ruwan yake hawa sama?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa sai na tsaya cak da sanda a hannu, domin gaskiyarta ce. Daga ƙasan bango na faro, a samansa na ƙare, a kan idonta. Na tsawatar, sannan na ce duk wanda yake ganin arewa ita ce sama ya ɗaga hannu. Wallahi kusan kowa ya ɗaga, har da waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ashe kullum bangon nan yana ba su wani darasi a bayan idona.

Na ciro taswirar daga ƙusa na ce mu fita fili. Hantsi bai gama dubawa ba, inuwa tana da tsawo. Na sa suka fuskanci inda rana ta fito, na ce nan ne gabas, bayanku yamma, hannun hagu arewa, na dama kudu. Muka shimfiɗa taswirar a ƙasa, muka daidaita arewarta da arewar gaske, muka danne kusurwoyi huɗu da duwatsu saboda iska. Na ce ku nuna mini sama, suka ɗaga yatsu ga gajimare. Na ce ku nuna arewa, suka miƙa hannu wajen katanga. Muka maimaita har sau biyar, suna yi suna murna kamar wasa.

Daga nan aikin yashi ya kankama. A kudu muka tara tudu, na ce wannan shi ne yankin Tafkin Biktoriya, wanda ya ɗara teku tsayi da fiye da mita 1,100. Can gefen gabas muka tara wani da ya fi shi, tsaunukan Habasha ke nan, inda Tafkin Tana yake a tsayin mita kusan 1,800. Yara biyu suka ja layi da ƙarfen rula daga kowane tudu, layukan suka haɗu a wuri guda, muka kafa tsinke muka kira shi Khartum, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke gamuwa. Daga nan rami ɗaya ya miƙe arewa zuwa wani ɗan kwari da muka ce teku ne.

Yarinyar nan na miƙa wa kofi. Ta ɗebo daga bokiti ta tsiyaya a hankali a kan tudun kudu. Kofin farko yashi ya shanye. Na biyu ma haka. A na uku sai ga ruwa ya sulalo, yana tura 'yan ƙananan tsakuwoyi, ya wuce tsinken, ya taru a kwarin. Ta tsuguna har gwiwar rigarta ta jiƙe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe gangarawa yake yi." Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Wani yaro mai yawan gardama ya ce idan aka mai da tudun zuwa arewa fa? Na ce bismillah, gwada. Ruwa ya nufi kudu, yaron ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Da muka koma aji da gangan na rataye taswirar a kife. Nan take aka ɗauki ihu, "Malama, kin juya ta!" Sai na ba su labarin Al-Idrisi, masanin da ya kammala wa Sarki Roja na Biyu na tsibirin Sisili taswirar duniya a shekarar 1154, kuma kudu ya sa a sama. A tasa taswirar, Nilu sauka yake yi zuwa ƙasan takarda. Mutane ne suka saba da ɗora arewa a sama, ruwa kuwa tudu da kwari kaɗai ya sani.

A ofishin malamai wani dattijon abokin aikina, da ya hango mu ta taga, ya ce, "Malama, kin kyauta, amma fa jarrabawa ba ta tambayar yashi." Na ce haka ne Malam, kuma kogi ɗaya kacal na taɓa cikin huɗu. Damuwar tasa tawa ce, domin darasi biyu ne rak a mako, an cusa labarin ƙasa cikin darasin zamantakewa, ga jerin sunaye da ake so a haddace kafin ƙarshen zango. Sai dai na sha ganin yaro ya rubuta tsawon Nilu daidai a takarda, alhali bai san wace hanya ruwan sama yake bi a harabar makarantarsu ba. Da ni aka tambaya, da makonni ukun farko na aji huɗu a waje za a yi su: gabas da yamma da kudu da arewa, inuwa, tudu da gangare, da zanen aji da hannun yaro, kafin ya ga taswirar nahiya.

Alhamis Neja ne. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, kusa da Tekun Atilantika, amma ya ba tekun baya ya nufi arewa maso gabas har wajen Timbuktu, kafin ya karyo kudu maso gabas. Na san za su tambayi dalili. Na roƙi maigadi kada ya share tudun namu, kuma zan zo da bokiti na biyu.