Gaggawar sauka ta cinye min jirgi

Wata bakwai na yi ina haɗa shi, ya tarwatse kafin in gama cewa innalillahi. Ƙaramin jirgi ne marar matuƙi, mai farfela ɗaya a ƙarshen kowane fiffike. Zai tashi tsaye kamar mai saukar ungulu, sannan farfelun su kwanta gaba ya miƙe da gudu, irin V-22 Osprey na sojan Amurka.

Duk fargabata tana kan lokacin kwantar da farfela, sai ga shi wannan ya wuce lami lafiya. Batir ne ya fara ƙara yana neman ƙarewa, na ruɗe, na rage wuta don in sauko da shi tsaye cikin sauri. Ya fara rawa. Na ƙara wuta, abin ya ƙara lalacewa, ɓangaren dama ya nutse, jirgin ya kife. Wani yaro ne ya tsinto min guntun farfela a cikin gonar dawa, yana tambaya ko zan bar masa.

Abin da ya fi ci min rai, na san wannan matsalar. Idan jirgi ya sauko tsaye da sauri, farfela takan faɗa cikin iskar da ita kanta ta tura ƙasa, ta rasa abin kamawa. A mai farfela biyu, gefe ɗaya ne ke riga ɗaya, shi ya sa yake kifewa. Haka ta faru da Osprey a Marana ta jihar Arizona a watan Afrilun 2000, sojoji 19 suka mutu. Na karanta labarin ya fi sau uku, amma da batir ya yi ƙara, komai ya fita daga kaina. Da na ɗan karkata farfelun gaba, da ya fice zuwa iska mai kyau.

Ba kowane haɗari ne laifin matuƙi ba. Osprey ɗin da ya faɗi kusa da tsibirin Yakushima na Japan a Nuwambar 2023, ya kashe mutum 8, giyar da ke juya farfela ce ta fashe. Duk da haɗurran irin wannan jirgi, rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi wani irinsa mai suna Bell V-280 a 2022, wanda farfela kawai ke kwantawa gaba, injin yana nan daram.

Ni burina bai wuce kai magani ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya da damina ba. Na biyun da nake haɗawa yanzu na ƙayyade masa saurin sauka a cikin manhajarsa, ko na danna ba zai wuce ba, kuma a karkace zai riƙa saukowa. Batir ɗin wancan ya kumbura, har yau yana cikin bokitin yashi a bayan ɗaki.