Ranar da aka kunna wa 'yar yayata na'urar kunne, ihu ta tsala

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya san irin bidiyon nan, jariri a cinyar uwarsa, likita ya danna wani abu a kwamfuta, sai yaro ya zaro ido ya washe baki, uwa ta fashe da kuka, an ɗora wani kiɗa mai taushi a ƙasa. Na kalli irinsu ya fi a ƙirga kafin a yi wa 'yar yayata aikin dashen kokliya, wato na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne, har na gama tsara yadda namu zai kasance, na cika wayata da caji don in ɗauka. To namu dai ba haka ya zo ba. Ana kunnawa mutuniyar tawa ta yi tsit na ɗan lokaci, sai ta tsala ihu, ta kai hannu ta fizge abin daga kanta ta yi jifa da shi, ta cusa fuska a jikin uwarta. Na sauke waya a hankali, jikina duk ya yi sanyi. Amma matar da ke gwajin jin ko a jikinta, murmushi ma take yi, tace ai madalla, ta ji kenan, da ba ta ji ba me zai sa ta kuka?

Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Ta warke, muna ta murna, sai Yaya ta lura ko ƙofa aka buga da ƙarfi yarinyar ba ta waiwayowa, 'yan kalmomin da ta fara kamawa kuma duk sun ɓace. Aka fara gwada mata na'urar jin magana ta gama-gari, wadda ake maƙalawa a bayan kunne, shiru kake ji. Sai daga baya na gane dalili. Sauti idan ya shiga kunne yana kaɗa dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3, su kuma su tura motsin cikin wani abu mai siffar katantanwa cike da ruwa, shi ake kira kokliya. A cikin katantanwar nan akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kusan 3,500 daga cikinsu su ne ke mayar da motsi ya zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ita na'urar gama-gari ƙara ƙarfin sauti kawai take yi, kenan kamar ka dinga ƙara buga ƙofa ne alhali babu kowa a ɗakin.

Likita ya ce sai dashen kokliya, ya kuma ce kar mu yi sanya, don bayan sanƙarau katantanwar kan iya fara cikewa da ƙashi, idan ta toshe kuma saka siririyar wayar dashen a cikinta zai yi wuya. Wannan maganar ce ta hana Yaya barci.

Dashen kokliya kashi biyu ne. Na ciki sai da tiyata, ana ɓoye wani ɗan faifai a ƙarƙashin fata a bayan kunne, daga jikinsa wata siririyar waya mai laushi ta shiga cikin katantanwar, a jikin wayar akwai 'yan ɗigogin lantarki, 12 zuwa 22 gwargwadon kamfanin da ya ƙera. Na waje kuma makirfo ne da 'yar kwamfutar da ke sarrafa sauti, da wani zagayayyen abu da ke manne wa kai da maganaɗisu daidai saitin na cikin. Abin da ya fi ba ni mamaki, babu batir a cikin kan, wutar da saƙon duk ta cikin fata suke ratsawa daga na waje, shi ya sa da an cire na wajen shikenan, duniya ta yi tsit. Dabarar kuma ita ce kowane sashe na katantanwa da irin sautin da yake ji, bakinta na siraran sauti ne, can ƙuryarta kuma na masu kauri, sai kowane ɗigo ya taɓa jijiyar da ke daidai wurinsa.

Yanzu ka auna, ɗigo 22 ne a madadin ƙwayoyi 3,500. Dole sautin ya fito wani iri. Manyan da suka taɓa ji kafin su kurumce sukan ce da farko muryar mutane kamar ta mutum-mutumi take, ko kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba, sai a hankali ƙwaƙwalwa ta saba ta dinga cike giɓin. To ina ga yarinyar da ta yi watanni cikin shiru, rana ɗaya aka watsa mata wannan hayaniyar a ka. Ni ma da ihun zan yi.

A dararen da na kasa barci na bi tarihin abin, kuma gaskiya akwai ban dariya a farkonsa. Wajen shekarar 1800 Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙirƙiro batir, ya cusa ƙarafa biyu a kunnuwansa ya haɗa da wuta, ya ji wani gigitaccen bugu a kai sannan wata ƙara kamar abu mai kauri yana tafasa, bai sake gwadawa ba. A 1957 a Paris, André Djourno da Charles Eyriès suka ɗora waya a jijiyar jin wani mara lafiya ya ji 'yan sautuka, William House ya ɗora daga nan a Amurka a 1961. Amma wanda labarinsa ya fi kama ni shi ne Graeme Clark na Ostireliya, wanda mahaifinsa ke fama da matsalar ji. Damuwarsa ita ce yadda waya za ta bi lanƙwasar katantanwa ba tare da ta yi ɓarna ba, sai wata rana a bakin teku ya ɗauki katantanwa ya dinga zura mata tsinken ciyawa, ya ga in dai bakin ciyawar da laushi gindinta kuma da ɗan tauri, tana bin lanƙwasar har ciki. A 1978 ya yi dashensa na farko mai ɗigogi da yawa a Melbourne. A 2013 aka ba shi lambar yabo ta Lasker, ta binciken likitanci, tare da Ingeborg Hochmair ta Ostiriya da Blake Wilson na Amurka.

Zaman jiran likitan kunne da hanci da maƙogwaro ma makaranta ne. Na ga yaron da aka saka wa ɗan bututu mitsitsi a dodon kunne don iska ta shiga ruwan da ya taru ya daina damunsa, wannan da kansa yake faɗowa bayan wasu watanni. Na ga mai na'urar da ke manne da ƙusar titaniyom a ƙashin bayan kunne, sauti na bi ta ƙashi ya tsallake hanyar da ta lalace, a Suwidin aka fara wannan a 1977. Sai wani dattijo da aka cire wa maƙogwaron murya saboda ciwon daji, yana numfashi ta wata 'yar kafa a wuya, da ya tashi gaishe mu sai ya ɗora yatsa ya toshe kafar, murya ta fito a dishe can ƙasa amma ana ganewa sarai. Ashe ɗan bawul ne tsakanin hanyar numfashi da hanyar abinci, yana barin iska ta wuce amma ba ya barin abin da aka haɗiya ya shiga hanyar numfashi, Eric Blom da Mark Singer ne suka fito da shi a 1980. Na amsa gaisuwar ina jin kunyar yadda na ƙura masa ido.

Abin da bidiyon nan ba sa nunawa shi ne aikin da ke biyo baya, kuma Yaya ce ta sha shi. Komawa asibiti a kai a kai ana daidaita ƙarfin kowane ɗigo, cajin batir kullum dare, busar da na'urar saboda gumi, lura da kar ruwa ya shige ta, rigakafin da aka ce lallai a yi, da tuna cewa duk ranar da za a yi mata hoton MRI, wanda injinsa ke aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, sai an fara faɗa musu akwai maganaɗisu a kanta. Kowace safiya kuma akwai gwajin sautuka 6 da malamar koyar da magana ta ba mu, a tsaya a bayanta ko a kare baki don kar ta karanta leɓe, a ce aaa, uuu, iii, mmm, shhh, sss, a ga wanne za ta waiwaya. Aaa ta fara kamawa. Sss kuwa, da yake shi ne mafi siranta, ya ja mu makonni, har na fara zargin wani ɗigon ne ya mutu, ranar da ta juyo a kansa Yaya ta kira ni ban ma gane me take faɗa ba don ihu.

Akwai kurame da dama da ba sa son yadda ake tallata dashen nan kamar gyaran wani abu da ya lalace, suna cewa suna da yarensu na hannu kuma cikakken yare ne. Da farko na ɗauka rigima ce kawai, yanzu kam ina ganin suna da gaskiya a wani ɓangaren. Yarinyar nan in tana wanka ko barci ko batir ya ƙare kurma ce, kuma a lokacin ma tana da abin faɗa. Wani ya ce mana maganar hannu za ta hana ta koyon ta baki, mu dai ba mu bi ba, muna haɗa mata duka biyun, ni ne ma na fi kowa baya a ta hannun, kullum sai ta gyara min yatsu.

Yanzu tana shekara 4, surutu kamar me, kawu kaza kawu kaza. Shekaranjiya ta yi ɓarna, Yaya ta fara faɗa, ni ina gefe ina kallo. Ta tsaya ta saurara kamar jimla biyu, sai ta ɗaga hannu a natse ta cire maganaɗisun daga kanta, ta ajiye a kan tebur, ta rufe ido ruf don kar a bi ta da hannu.