Ƙashin masu taɓin hankali ma yana buƙatar kulawa

A ɗakin masu taɓin hankali, kusan duk abin da ma'aikacin jinya ke bibiya ya shafi ƙwaƙwalwa ne: ko muryoyin da majinyaci ke ji sun lafa, ko yana samun barci, ko ya daina zargin 'yan gidansu da zuba masa guba a abinci. Aiki da masu cutar sikizofireniya, nau'in taɓin hankalin da ke kawo irin waɗannan alamu, ya koya mini cewa akwai wata ɓarna da ke cin su a ɓoye, wato zaizayewar ƙashi, kuma ta fi muni ga wanda ya haɗa cutar da shan giya.

Tushen matsalar wani lokaci maganin da muke bayarwa ne da hannunmu. Halofiridol da risfiridon da allurar fulufenazin suna toshe aikin sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa, shi kuwa dofamin shi ne ke taka wa furolaktin birki, wato sinadarin da ke sa mace ta samar da ruwan nono. Idan furolaktin ya hau ya daɗe a sama, sai sinadaran da ke tafiyar da haihuwa su ragu, na mace da na namiji, alhali su ne ke riƙe da ƙarfin ƙashi. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da wannan ke faruwa, domin cutar takan bayyana ne tun daga ƙarshen samartaka, daidai lokacin da jiki ke tara ƙarfin ƙashin da zai ci gajiyarsa har tsufa, aikin da yakan kammala wajen shekara 30.

Giya kuma tana zuwa ta ƙara gishiri a miki. Tana raunana ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi, tana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa, tana kuma lalata hanta, wadda ita ce ke fara sarrafa bitamin D kafin jiki ya amfana da shi. Mai sha sosai ba ya cin abincin kirki, galibi ga taba sigari a hannu. Idan aka haɗa maye da maganin kulofromazin, wanda ke sa jiri idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, faɗuwa ba ta da wuya, kuma santsin banɗaki kaɗai ya isa ya karya ƙugun mutumin da bai kai hamsin ba.

Darasin da ya fi mini amfani shi ne na iya tambaya. A wajenmu ba a amsa shan giya a gaban uba ko yaya, don haka nakan nemi 'yan rakiya su ɗan jira a waje, sannan in ce, "Malam, ba don in tona maka asiri ba ne, maganinka ne ba ya jituwa da wasu abubuwa, kwalba nawa kake sha a rana?" Haka mata ba sa faɗin cewa al'adarsu ta ɗauke wata da watanni, ko nono na tsatsafo musu ba tare da goyo ba, sai an tambaye su a keɓe cikin mutunci, alhali waɗannan su ne alamun hawan furolaktin da ba sa buƙatar kuɗin gwaji. Na'urar auna kaurin ƙashi ba ko'ina ake samunta ba, kuma ba kowa ke iya biya ba.

Ban taɓa ganin alheri ba a dakatar da magani saboda tsoron karaya, domin dawowar cutar ta fi haɗari. Likita yana iya rage adadin maganin ko ya canza zuwa arififirazol, wanda ba ya ɗaga furolaktin. Giyar ma ba a yanke ta rana ɗaya ga wanda jikinsa ya saba, saboda farfaɗiya na iya biyo baya, sai dai a raba shi da ita a asibiti ana ba shi bitamin B1.

A ranar sallama nakan zauna da iyalin in yi musu bayanin cewa baligi yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a kullum, kuma nono da zogale da miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya suna taimakawa. Nakan roƙe su kada su kulle majinyacin a ɗaki ko su sa masa mari, domin ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi kuma ba ya ganin rana ramewa yake yi. Idan kuma ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a fara kai shi ɗaukar hoto kafin a nufi gidan mai ɗori, tun da wasu masu wannan cuta ba sa kukan ciwo ko da karaya ce a jikinsu.