Godiya ga waɗanda suka dawo min da ruwan gilashin baya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, abin fesa ruwa na gilashin bayan motata ya dawo aiki. Tun da a bainar jama'a na yi ta ƙorafi a kansa, ya kamata godiyar ma in yi ta a bainar jama'a.

Na san wani zai ce wannan ai ba matsala ba ce, tun da mota tana tashi tana tafiya. Wanda ya taɓa tuƙa Golf 4 a hunturun Kano ba zai faɗi haka ba. Mota mai yankakken baya iska ce ke juyawa a bayanta tana manna ƙura a gilashi, kafin ka kai Dawanau daga cikin gari madubin ciki ya tashi daga aiki, ga 'yan adaidaita sahu suna ɓullo maka ta ko'ina. In ka kunna waifa a bushe kuwa, ƙurar ta kankare gilashin, robar ma ta cinye.

Godiyata ta farko ga maƙwabcina, dattijo, tsohon direban haya. Garejin da na fara zuwa ko bonet ba su buɗe sosai ba suka ce famfo ya mutu, in sayo sabo. Da na ba shi labari bayan Magariba sai ya ce, "Malam, na gaba yana feso ruwa?" Na ce lafiya lau, Baba. Ya ce to kada in sayi komai tukuna, domin a irin wannan motar famfon guda ɗaya ne mai baki biyu: ka jawo sandar waifa ya juya ya tura ruwa gaba, ka tura ta ya juya ɗaya ɓangaren ya tura baya. Shi ya haɗa ni da wani mai rewaya da ya sani.

Wannan bawan Allah shi ne ya yi aikin, kuma yadda ya yi shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Bai kwance komai ba da farko. Ya sa na danna sandar, ya kara kunnensa kusa da tankin ruwa, ya ji famfo yana kuka, ya ce to fis da suwic ba su da laifi. Ya cika tankin, na ci gaba da dannawa, ruwa na raguwa amma gilashi a bushe. Ya ce, "Oga, ruwa yana fita, ba dai inda ake so ba." Ya buɗe but, ya ɗaga kafet, sai ga ruwa kwance a ƙarƙashin safaya taya. Ashe warin danshin da uwargida ta daɗe tana magana a kai ke nan.

Tiyon siriri ne, daga tankin gaba yake bi ta jikin mota har baya, ya shiga murfin but ta cikin robar da ke kusa da inda murfin ke lanƙwasawa. A wata mahaɗa ya zare. Wani da nan zai mayar ya karɓi kuɗinsa, shi kuwa ya ce tiyo ba ya zarewa haka kawai, wani abu ne ya tare ruwan. Ya ciro ɗan bakin da ke fesawa, ya nuna min a tafin hannunsa: ramin ya toshe da wani farin abu mai tauri, ragowar ruwan burtsatse da garin sabulun da masu wankin mota ke zubawa a tanki da niyyar kyautatawa. Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi da lemon tsami, ya zura allura a hankali, ya hura. Tankin ma ya zubar da abin da ke ciki ya ɗauraye shi. Sannan ya duba motar waifar kanta, wato ɗan injin da ke juya waifar baya, domin a Golf ruwan ta tsakiyar sandarta yake wucewa, in ya yi yoyo a ciki tsatsa ce ke kashe ta. Tamu Allah Ya tsare.

Ba zan manta da yaronsa ba, wanda ya hau mashin cikin hazo ya je Ƙofar Ruwa neman 'yar mahaɗar roba, kuma siririn hannunsa ne ya shiga lungun da namu suka kasa. Abin da na biya duka bai kai kuɗin famfon da aka ce in saya ba, na ƙara masa ma sai da na matsa kafin ya karɓa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a sana'arku. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka kira ni da shawarwari, har da wanda ya ce in riƙa yawo da tsumma da jarka, duk na gode.